Furen Cokalin Roba Ba Ya Share Gari

Cikin sana'o'in hannu da ake koya wa mata da 'yan mata a tarukan koyar da sana'a, akwai wadda ake mayar da cokalin roba fure. Ana yanke kan cokalin, a kara shi kusa da wutar kyandir har ya yi laushi, a lanƙwasa bakinsa, a naɗe na farko ya zama zuciyar furen, sannan a yi ta jera sauran a kewaye, ƙanana daga ciki manya daga waje. In an gama a shafa launi, a maƙala furen a sarƙa ko zobe ko ɗan kunne, ko a sa masa fil ya zama abin kama gyale. Wanda bai san asalinsa ba, in ya ga na gwanaye, sai ya ɗauka daga kanti aka sayo shi. Aiki ne mai kyau, kuma ina son in faɗi haka tun daga farko, don kada a ɗauki abin da zai biyo baya a matsayin raina shi.

Sai dai akwai wata magana da ke bin wannan sana'a duk inda ta je. Ana cewa hanya ce ta rage dattin roba, ta tsaftace muhalli, ta mayar da bola dukiya. Malamai masu koyarwa suna buɗe aji da ita, masu shirya taro suna rubuta ta a jikin ƙyallen da suke ratayawa, ɗalibai kuma suna maimaita ta ga masu saye. Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a shimfiɗa ta yadda take. Suna cewa: cokalin roba abu ne da ake amfani da shi na minti goma a yar, ya je ya toshe kwata, ko a ƙone shi a bola, ko akuya ta haɗiye shi. To in aka tsince shi kafin ya isa can, aka mayar da shi abin ado, an cire shi daga cikin datti ke nan, an kuma samar wa wata mace kuɗin cefane. In kowace unguwa ta samu mata ashirin masu wannan aiki, ai za a ga bambanci. Kuma ko ba a ga bambanci ba, yaran da suka ga an mayar da abin yarwa abin sha'awa za su taso da sanin darajar kaya.

Wannan magana ce ta mutanen kirki masu kyakkyawar niyya. Amma ba daidai ba ce, kuma rashin daidaitonta yana cutar da muhallin da ake son karewa, yana kuma cutar da sana'ar kanta.

A fara da tambayar da ba a cika yi ba: daga ina cokulan suke zuwa? Fure ɗaya mai cika ido yana cin cokali goma zuwa ashirin. Dole su zama girmansu ya dace da juna, launinsu ɗaya, robarsu iri ɗaya, domin in aka gauraya iri biyu, wani zai yi laushi wani bai ko motsa ba. Dole kuma su zama babu maiƙo, domin gam ba ya kama wuri mai mai, fenti ma ba ya zama. Cokalin da aka ci shinkafa da miyar manja da shi ya riga ya rine, wanda aka tsinto a ƙasa bayan taro an taka shi ya tsage ko ya karce. Wanke su ɗaya bayan ɗaya yana cin ruwa da omo da lokaci, alhali ledar sababbin cokula tana nan a shagon bakin titi da kuɗi kaɗan. Saboda haka mai sana'ar da ke son kayanta su yi kyau, kuma take lissafin lokacinta, sabon cokali take saye. Ba laifi ta yi ba, hankali ta yi aiki da shi. Amma sakamakon shi ne, furen da aka ce yana rage roba ya zama dalilin sayen ƙarin roba. A ajin koyarwa ma haka ake: duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan aji ya ga ledojin sababbin cokula a kan tebur, ana farke su ana raba wa ɗalibai.

Mu ƙaddara ma an dage, an ce tsofaffi kawai za a yi aiki da su. Kan cokalin kaɗai ne ke shiga fure. Mariƙinsa, wanda shi ne ɓangare mafi tsawo, ana datse shi da almakashi a ajiye gefe. Wani lokaci a bar ɗaya ya zama kara, ko a narkar da guntu a like gindin furen da shi. Sauran taran ko sha taran, ina suke zuwa? Kwandon shara. Da can cokali ɗaya ne cikakke da za a iya tsinta da hannu, yanzu ya zama guntaye masu kaifi da ɓarɓashi, waɗanda suka fi wuyar tsinta kuma suka fi saurin bin ruwa.

Sai lissafi, wanda shi ne ya fi kowace hujja nauyi. Cokalin roba irin na biki nauyinsa bai wuce giram 3 ba. Mu yi wa masu ra'ayin rangwame, mu ce kowane fure yana ɗauke giram 50 na roba daga bola, har da mariƙan da muka san ana zubarwa. Ke nan sai an yi fure 20,000 kafin a cinye tan ɗaya. Ƙiyasin da aka fi ambata game da Nijeriya shi ne tana fitar da dattin roba kimanin tan miliyan 2.5 a kowace shekara. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan shi ne tan 25,000. Kafin a kawar da wannan kashi ɗayan tak ta hanyar fure, sai an ƙera fure miliyan 500 a shekara, wato kowane ɗan ƙasa, jariri da tsoho, namiji da mace, ya sayi biyu, kuma baɗi ya sake sayen wasu biyun. Kamar a ce za a ƙafar da madatsar ruwan Tiga da ludayi ne. Ba a buƙatar zama masanin muhalli kafin a ga inda lissafin ya nufa.

Duniya baki ɗaya ma haka abin yake. A shekarar 2017 wasu masana uku daga Amurka, Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Lavender Law, sun wallafa bincike a kan duk robar da ɗan Adam ya ƙera daga 1950 zuwa 2015. Sun samu tan biliyan 8.3. Daga ciki, tan biliyan 6.3 ya riga ya zama datti. Kashi 9 cikin ɗari ne kawai na dattin aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 yana jibge a bola ko yana yawo a ƙasa da ruwa. Wannan kashi 9 ɗin aikin manyan masana'antu ne masu injina da motoci da jarin gaske. In su ga inda suka tsaya, bai kamata a gaya wa yarinyar da ke riƙe da kyandir da almakashi cewa a hannunta maganin yake ba.

To shi furen da aka gama, ya fita daga jerin datti ke nan har abada? A nan ya kamata a san robar da ake aiki da ita. Yawancin cokulan yarwa ana yin su ne da ɗayan roba biyu. Akwai folistayirin, wadda alamarta ita ce lamba 6 a cikin kibiyoyi uku da ake bugawa a jikin kayan roba tun 1988. Ita ce mai ƙyalli, mai tauri, wadda in an lanƙwasa ta sai ta ce ƙas ta karye. Akwai kuma folifirofilin, mai lamba 5, wadda take lanƙwasuwa ba ta karye ba. Hanya mai sauƙi ta rarrabe su ita ce a jefa guntu a kofin ruwa: mai lamba 6 tana nitsewa, mai lamba 5 tana tasowa. Masu yin fure sun fi son mai lamba 6, domin tana fara laushi tun a kusan digiri 100, zafin tafasar ruwa, tana kuma riƙe siffar da aka ba ta nan da nan in ta huce. Amma wannan taurin shi ne rauninta. Furen da aka yi da ita in ya faɗi a kan siminti, ko aka matse shi a jaka, ko yaro ya ja shi, ganyensa ya karye. Rana ma tana ƙara masa gautsi. Ƙarshensa bola, bayan wata uku ko shekara guda. An jinkirta tafiyarsa ne kawai.

Kuma yana isa bolar ne a yanayin da ya fi na da muni. Da, roba ce zalla iri ɗaya. Yanzu an shafa mata fenti ko jan farce, an like ta da gam mai zafi wanda shi ma wata roba ce daban, an soka mata waya ko fil na ƙarfe, wataƙila an barbaɗa mata ƙyalƙyali. Duk wanda ke sake sarrafa roba abin da yake nema shi ne iri ɗaya, mai tsabta, mai yawa. Gauraye irin wannan babu injin da zai karɓa.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu san yadda sake sarrafawa na gaske yake. 'Yan jari bola sun fi kowa saninsa. Ka dubi abin da suke ɗauka da abin da suke tsallakewa: suna ɗaukar ƙarfe, da gwangwanin alminiyam, da gorar ruwa da ta lemo, da fasasshen bokiti da kujerar roba da jarka. Gwangwani da sauran tarkacen alminiyam suna zuwa hannun masu zubin tukwane, a narkar, a zuba a cikin ƙasar da aka yi wa siffa, a fito da tukunyar da za ta shekara ashirin a kan murhu. Roba mai kauri tana zuwa wajen masu niƙa, a wanke, a narkar, a mayar da ita ƙwayoyi, masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai a Kano su sake fitar da buta da baho. A nan tsohon abu yana maye gurbin sabo, kuma ana auna shi da kilo da tan. Cokalin yarwa fa? Suna tsallake shi, domin kafin a tara kilo ɗaya sai an sunkuya sau ɗari uku ko fiye, ga maiƙo, ga shi mai lamba 6 ba ta da masu saye kamar sauran. Ko a ƙasashen da ke da injinan rarrabe shara, ƙananan abubuwa irin cokali suna zurarewa ta ramukan rariyar injin su bi tarkacen da za a binne ko a ƙone. Abu ne da aka ƙera shi tun asali don ya mutu bayan amfani ɗaya, kuma furen bai canza wannan ba.

Akwai kuma batun hayaƙi, kuma wannan ne ya fi damuna, domin a nan maganar ta wuce kuskuren lissafi ta taɓa lafiyar mutane. Abin da aka laƙaba wa sunan kare muhalli, mutane kan ɗauka ba shi da wata illa. Robar tana buƙatar digiri 100 ne kawai ta yi laushi, amma harshen wutar kyandir yana haura digiri 1,000. Tazarar da ke tsakanin laushi da ƙuna ɗan yatsa ne da daƙiƙa biyu. Gwana ta san inda za ta tsayar da hannunta. Mai koyo ba ta sani ba, sai cokalin ya yi baƙi, ya tsuke, wani lokaci ya kama da wuta mai baƙin hayaƙi, yana ɗigo. Idan folistayirin ta yi zafin da ya kai ta fara rugujewa, tana sakin sinadarin sitayirin da wasu irinsa, shi ne wannan warin mai ɗan zaƙi da ke hawa kai. A 2018 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa sitayirin a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar daji. Adalci ya sa a ce damuwar ta fi shafar ma'aikatan masana'antu masu shaƙarsa kullum tsawon shekaru. Fure ɗaya da aka yi a tsakar gida ba zai kwantar da kowa ba, kuma ba na son in tsorata kowa a kan abin da bai kai ba. Amma a yi tunanin aji mai ɗalibai talatin, kowace da kyandirinta, an rufe taga don kada iska ta kashe wutar, ga fentin feshi a ƙarshe, ga wasu da goyo a baya. Ciwon kai da yajin ido da tari da suke fita da shi na gaske ne. Haka matar da ta mayar da aikin sana'ar yau da kullum a ɗakin da ake kwana. Ga ɗigon narkakkiyar roba, wanda in ya sauka a fata yana mannewa ya ci gaba da ƙuna. Ga mayafi na leshi ko shifon da ke lilo kusa da wuta. Malamar da ta cika ajinta da zancen ceton muhalli, sau da yawa ba ta da sauran lokacin da za ta ce a buɗe taga.

Na san amsar da za a ba ni, domin mutane masu hankali ne ke ba da ita. Za a ce: mun ji lissafinka, amma ƙaramin alheri ma alheri ne, kuma manufar ita ce wayar da kai. Na yarda ƙaramin alheri alheri ne, in dai ya rage wani abu, ko da ƙwaya ɗaya ce. Abin da na nuna a sama shi ne a mafi yawan lokuta wannan aiki bai rage ba, ƙari ya yi. Shi kuma wayar da kai, darajarsa tana ga gaskiyar abin da aka koyar. Yarinyar da aka gaya wa cewa cokalin yarwa ba matsala ba ne tunda ana iya yin fure da shi, an koya mata akasin abin da ya kamata ta sani. Uwar bikin da ta sayi cokali dubu, ta ga an tsinci talatin an yi wa ƙawayen amarya abin wuya, za ta kwanta da natsuwar cewa ta yi abin kirki, alhali ɗari tara da saba'in suna cikin kwata. Wannan natsuwar ita ce ɓarnar, domin tana kashe tambayar da ya kamata a yi tun kafin a je kasuwa.

Akwai kuma rashin adalci a cikin maganar, ko da masu yin ta ba su nufa ba. Roba tana fitowa daga masana'anta, tana bi ta hannun dillalai da gidajen abinci da masu shirya taro, kwashe shara kuma aikin hukuma ne. Duk waɗannan an tsallake su, an zo an ɗora nauyin gyara a kan bazawara da marainiya da 'yar makarantar da aka tara a zauren koyon sana'a. Su suka fi kowa ƙarancin hannu a ɓarnar.

Ƙasashen da suka ɗauki matsalar cokalin yarwa da gaske ba ta hanyar ado suka bi ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da cokali da cokali mai yatsu da faranti da tsinken shan lemo na roba masu amfani ɗaya daga 3 ga Yulin 2021. Indiya ta bi sahu daga 1 ga Yulin 2022, Ingila daga Oktoban 2023. A nan gida, gwamnatin jihar Legas ta haramta farar robar kumfa ta zuba abinci a Janairun 2024, daga baya ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu kayan roba masu amfani ɗaya. Ana iya muhawara a kan yadda ake aiwatar da waɗannan dokoki, da halin da suke jefa ƙananan 'yan kasuwa, kuma muhawara ce mai muhimmanci. Amma dukansu sun yi tarayya a kan fahimta ɗaya: abin da ba a iya tattarawa bayan an yar, daga tushe ake tare shi.

Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan. Ba a daɗe ba da ake shan fura da ludayin duma, wanda in ya fashe ƙasa ke cinye shi. Gidan biki kan aro kwanuka da cokulan ƙarfe daga maƙwabta, 'yan mata su zauna bayan taro su wanke, a mayar wa kowa nasa. Ba ina cewa a koma jiya ba ne, taron yau ya fi na jiya girma, mutane kuma ba su da lokacin da suke da shi a da. Amma masu ba da hayar kujeru da rumfa da kuloli suna nan a kowace unguwa. Matar da ta sayi cokalin ƙarfe ɗari biyar tana ba da haya, tana karɓa tana wankewa, a biki ɗaya ta hana cokalin roba ɗari biyar shiga kwata, kuma za ta sake yin haka mako mai zuwa da cokulan nan dai. In ana neman sana'ar da mace za ta ci abinci da ita kuma gari ya ragu da datti, ga ta nan, kuma ban cika jin ana koyar da ita a taro ba.

Saura abin da nake ganin masu sana'ar furen ya kamata su fi kowa kula da shi, wato yadda wannan magana take karya musu farashi. Duk wanda aka ce masa abin nan daga bola aka yi shi, farashin bola zai taya. Zai saya don tausayi ko don a ce ya taimaka, ya kai gida ya ajiye, ba zai dawo ba. Ita ma mai yin, in ta saba da cewa darajar kayanta tana ga niyyar da ke bayansa, sai ta daina damuwa da ko gam ya fito fili, ko bakin ganye ya yi baƙin hayaƙi, ko fil ɗin zai yi tsatsa. Ciniki na tausayi ba ya ɗorewa.

A duba waɗanda suka riga mu a wannan hanya. Masagan Bida sun daɗe suna narkar da fasassun kwalabe suna yin tsakiya da warwaro, mutanen Krobo a Ghana suna daka kwalba ta zama gari su gasa ta ta zama duwatsun wuya da ake fitar da su ƙasashen waje. Mai sayen waɗannan launi yake dubawa, da nauyi, da santsi, da gwanintar hannu. El Anatsui, ɗan Ghana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, da marafan kwalabe na alminiyam yake ɗinka manyan ayyukansa masu kama da ƙyallen sarauta, har aka ba shi lambar girmamawa ta Zakin Zinariya a babban bajekolin fasaha na birnin Benis a 2015. An girmama shi ne saboda abin da idonsa da hannunsa suka yi, babu wanda ya auna yawan marafan da ya kwashe daga titi. Ita kanta roba ba ta hana abu daraja. Bakelite, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, da ita aka riƙa yin awarwaro da abin maƙala riga masu araha a Amurka a shekarun 1930, lokacin da talauci ya hana mata sayen zinariya. Yau masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi mai kauri a kan waɗanda aka yi da kyau a cikinsu. Furen cokali yana da damar tsayawa da ƙafarsa a wannan layi, in aka daina jingina shi da hujjar da ba tasa ba.

Saboda haka, 'yar'uwa mai wannan sana'a, ba ina cewa ki daina ba ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ki yi aikinki a waje ko kusa da buɗaɗɗiyar taga, iska tana kaɗawa daga gare ki zuwa gaba. Ki riƙe cokalin da filaya, ki tsayar da shi sama da harshen wutar, inda zafi ke isa amma wuta ba ta taɓawa, kina juya shi, da zarar ya fara sakin jiki ki janye. In ya yi baƙi ko ya yi hayaƙi kin kusanta da yawa. In kina da bindigar iska mai zafi irin ta masu gyaran waya ta fi kyandir, domin ba ta barin baƙi kuma ana iya saita zafinta. Ki ajiye kwanon ruwan sanyi kusa saboda ƙuna, ki ɗaure mayafinki, yara su yi nisa. Ki gwada fenti a kan guntu kafin ki shafa wa fure, domin wasu fentocin feshi da ruwan goge jan farce suna cin roba mai lamba 6, su bar ta da ƙuraje. Ki goge kaifin wurin da kika yanka, musamman abin da zai taɓa wuya ko kunne, kada kuma ki sayar wa mai ƙaramin yaro da zai iya kai shi baki. Mariƙan da kika datse ki tara su a gora mai murfi, kada su bi shara a watse, kada kuma a jefa su a murhu.

In mai saye ya tambaye ki da me aka yi, ki gaya masa da cokalin roba ne, sabo in sabo ne, tsoho in tsoho ne. Sannan ki yi masa lissafin awannin da kika zauna, da fenti, da sarƙar da kika saya, ki sa kuɗinki a kan wannan.

Malamai masu koyarwa da masu ɗaukar nauyin taro kuwa, roƙona gare ku ƙarami ne. Ku ci gaba da koyar da furen a ajin kayan ado, tare da ɗinkin duwatsu da saƙa, ku ba shi lokacin da ya ishi a koyi riƙon wuta da haɗa launi da sa farashi. In an zo darasin muhalli kuma, ku gayyato ɗan jari bola ko mai niƙa roba ya yi wa ɗalibai bayanin abin da ake saye da abin da ba a saye, da dalili, ku kuma sa cokulan ƙarfe a abincin da za a raba a ranar rufe taron.